Kawuna Fayaman Ne, Ba Kyaftin Ba

Na Allah ne mu duka, Kawu ya riga mu komawa gare shi. Ranar Talata bayan azahar muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Al Qusais, a nan Dubai. Daga can muka wuce Al Sabkha, ofishin aika kaya na babban ɗansa, inda aka ture kwalaye gefe aka shimfiɗa darduma don zaman makoki.

Mutane sun zo. 'Yan kasuwar Kano masu saro kaya sun zo, mutanen Nijar da ke aiki a sito sun zo. Har wani Bapakistane mai tuƙa abra, ƙaramin jirgin da ke haye da mutane a mashigin ruwan Khor, ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana share ido da gefen rawaninsa, ba wanda ya san inda ya ji labari. Duk wanda ya shigo sai ya kama hannun babban ɗan ya ce, “Allah ya ji ƙan Kyaftin.” Wani mai sayar da wayoyi ya ce an yi rashin mutumin da ya tuƙa manyan jirage har Ingila. Wani ya ƙara da cewa ya ji Turawa ma sara masa suke yi. Wani Alhaji da bai taɓa zama da Kawu ko na minti biyar ba ya ce ai daga tafiyarsa ka san ya saba ba da umarni. Babban ɗan yana gyaɗa kai yana cewa amin.

Ni ina baya ina zuba shayi. Ranar ba ta gardama ba ce. Amma yanzu zan faɗa, kuma a rubuce. Kawuna bai taɓa zama kyaftin ba. Bai taɓa taka Ingila ba. Fayaman ne, mai zuba kwal a wutar jirgi, kuma da wannan sunan yake so a tuna da shi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ina ɗaure kwalaye a siton ɗansa, ɗan ne ya yi mini biza, shi ke biyana albashi. Sai da furfura ta fito mini na koyi riƙe biro, a ɗakin wani mutumin Maraɗi da muke kira Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran malamin boko, wanda ya taɓa koyarwa a gida, yanzu yake koyar da mu manya ranar Lahadi a unguwar International City. Rubutuna a hankali yake tafiya. Wanda ke sauri ya yi mini haƙuri.

Gidan kakanmu a Kano gidan maƙera ne. Kawu ya tashi a gaban zugazugi, ya san wuta kafin ya san kasuwa. Yana saurayi ya bi jirgin ƙasan da ke kai gyaɗa Ikko, don haka yake kiran Legas har ya mutu, ya zama lebura mai ɗaukar buhu a tashar jiragen ruwa. Wata rana aka rasa fayaman a wani ƙaramin jirgi mai jan manyan jirage, aka tambayi leburori ko akwai wanda ba ya tsoron zafi. Ya ɗaga hannu. Ya ce da ya sauka cikin cikinsa ya ga bakin murhun, sai ya ji kamar ya koma maƙerar ubansa, sai dai wannan maƙerar tana rawa a kan ruwa.

Jirgin yana da sunan Turanci a jikinsa, amma Kawu bai iya karanta shi ba, bai kuma damu ba. Tsohuwa suke ce wa jirgin. An ƙera ta a ƙasar Turawa tun kafin a haife shi, ta taso da ƙafarta a kan teku har ta iso ƙasarmu. Gajeriya ce, mai faɗi, baƙa, da dogon bututun hayaƙi. Ba ta zuwa ko'ina mai nisa. Aikinta ta fita bakin teku ta kamo babban jirgi da igiya, ta shigo da shi, ta tura shi har ya jingina da gaɓa. Ta yi Ikko, an kai ta Fatakwal, ta yi Kalaba, an dawo da ita. Abincinta kwal ɗin Inugu. Kawu ya ce lokacin da ya same ta duk sa'o'inta sun mutu, ita kaɗai ta rage tana tari tana aiki.

Ina son in rubuta yadda yake zuba kwal, don ya koya mini har sau uku da murfin kwali a hannu, ya ce kada in rubuta shi ba daidai ba. Sabon shiga yakan cika shebur ya jibga a tsakiya don ya samu ya huta. Wannan yana shaƙe wuta, tururi ya faɗi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kawu ya ce a buɗe ƙofar murhu, a watsa kaɗan a dama, kaɗan a hagu, kaɗan can ciki, a rufe da sauri kafin iska ta sanyaya tukunya. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, yini guda. Ya ce baƙin hayaƙi a bututu abin kunyar fayaman ne, duk tashar tana gani, ko da ba wanda ya san fuskarka. In an tashi aiki kuma ba a kashe wuta. Tara ta ake yi gefe guda a lulluɓe da garin kwal, ta kwana tana numfashi, don in an kira Tsohuwa da safe kada ta ce a jira ta.

Har ya tsufa wannan hali bai bar shi ba. Ranar sallah in mun je gasa nama a bakin ruwa, ba ya barin kowa ya taɓa gawayin. Ba ya zama ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yakan ce tana shiga masa ƙashi. Yakan jefa ɗan gishiri a ruwan shansa kamar yadda suke yi a ɗakin wuta. In 'yan kasuwa suna kukan zafin Dubai a tsakiyar bazara, sai ya dube su ya ce wannan ai zafin da ke da inuwa ne.

Da matarsa ta rasu, babban ɗansa ya ɗauko shi daga Kano ya kawo shi nan, ya ba shi ɗaki, ya ɗinka masa manyan riguna masu dogon hannu. Ba zan ci amanar gaskiya ba, ya kula da ubansa. Amma tun ranar farko da ya kai shi ofis ya ce wa abokan cinikinsa, ga Baba, tsohon kyaftin ne. Kawu ya gyara masa a gaban mutane, ya ce a'a, fayaman. Aka yi dariya, aka ɗauka tawali'u ne. A mota ɗan ya roƙe shi, ya ce a wannan gari mutum da sunan gidansu yake ciniki, wa zai ba ɗan mai kwasar kwal amanar kwantena? Kawu bai sake gyara masa ba. Amma bai sake zama a ofishin ba.

Khor ya koma. Kullum da hantsi sai ya hau bas ya sauka Deira, ya zauna a benci kusa da inda abra ke tsayawa, yana kallon jiragen katako masu lodin kaya. In wani ya tayar da inji ya saki baƙin hayaƙi, sai ka ji Kawu yana masa faɗa da Hausa daga nesa. A nan suka saba da Bapakistanen nan. Ba su da yare ɗaya sai yalla da khalas na Larabci, wato mu je da shi ke nan, da nuni da hannu, amma Kawu ya taɓa kara sandarsa a jikin injin abrar, ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, ya nuna masa inda ciwon yake. Tun daga ranar mutumin ba ya yarda Kawu ya tsaya a layi.

Shi ne sanadin karatuna. Wata rana ya zo sito ya tarar direban wata mota yana mini dariya don na dangwala yatsa a takardar karɓar kaya. Washegari ya kawo mini littafin rubutu da biro biyu, ya kuma tsaya a kan ɗansa sai da aka sake ni kowace Lahadi. Na ce masa to mu tafi tare. Ya ce shi ya karanta wuta shekara da shekaru, ta ishe shi. Daga nan ya laƙaba mini Malam Abacada, bai sake kirana da wani suna ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma ni na jawo. Da na fara haɗa jimla, Mushe ya ce kowa ya rubuto layi biyar a kan wanda yake ƙauna. Na rubuta a kan Kawu. Na rubuta cewa kawuna ya tuƙa jirgin ruwa, shi ne shugaba. Na san ba haka ba ne, amma na ga rubutu abu ne mai girma, na ɗauka dole a saka masa manyan kaya kamar mai zuwa biki. Na kai masa bakin Khor ina murna, na karanta masa da yatsana a ƙarƙashin kowace kalma.

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya karɓi littafin, ya tambaye ni wane layi ne ya faɗi haka, na nuna masa. Ya yage shafin a hankali, ya ninke ya sa a aljihu.

“Malam Abacada, abin da suka koya maka ke nan?”

Na ce don in girmama shi na yi.

“Ɗana ya yi ƙarya da baki, iska za ta kwashe. Kai kuma ka zo ka kafa ta da biro.” Ya juya ya kalli ruwa. “In ni ne kyaftin, to wa ya zuba kwal ɗin?”

Mako biyu bai amsa gaisuwata da fiye da lafiya ba. Na yi haƙuri, ina zuwa ina zama a ƙarshen bencin. Lahadi ta uku ya zo da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Agogon tururi ne na tagulla, kamar faifai ƙarami, da allura ɗaya. A gilashinsa akwai ɗigon jan fenti. Ya ce shi ya ɗiga da kansa, don bai san lambobin ba: in allura tana ƙasa da ja, Tsohuwa ba ta da ƙarfi, in ta wuce ja, tukunya na iya tashi da kowa. Duk aikinsa a rayuwa shi ne ya riƙe allurar nan a kan jan nan. Sannan ya ce in buɗe littafi, zai faɗa in rubuta.

Ga abin da ya faɗa. Wata rana da damina, da rana tsaka, hadari ya taso, injin wani babban jirgi ya mutu a daidai bakin shiga tashar Ikko, iska tana tura shi zuwa kan duwatsun da aka jera don tare igiyar ruwa. Aka kira Tsohuwa. Su biyu ne a ɗakin wuta, abokin aikinsa ya faɗi don zafi, aka ja shi sama. Kawu ya rage shi kaɗai. Ba ya ganin teku, ba ya ganin jirgin, ba abin da yake gani sai allura da bakin murhu, ga ƙararrawa daga sama tana ta neman ƙarin ƙarfi. Tsohuwa ta karkata gefe, Kawu ya buɗe ƙofar murhu a daidai lokacin, wuta ta yi tsalle ta lashe masa hannun dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ya naɗe da rigarsa ya ci gaba da hagu. Bai san an yi nasara ba sai da ƙararrawa ta yi shiru.

Kyaftin aka yaba, aka ba shi takarda. Na tambayi Kawu ko ya ji haushi. Ya ce ko kaɗan. Kyaftin ɗinsu mutumin Kalaba ne, ya san ruwa kamar tsakar gidansu, kuma shi ya riƙe gatari a gefen igiya ranar, ya ƙi yankewa duk da Tsohuwa na neman kifewa. Ya ce wannan aikin kyaftin ne, kada wani ya sace masa ya ba fayaman. Kuma kyaftin ɗin da kansa ya sauko ɗakin wuta bayan an ɗaure jirgi, ya shafa masa man inji mai tsabta a ƙunar, don shi suka sani a lokacin.

Daga baya jiragen dizal suka zo, ba sa bukatar fayaman. Aka ja Tsohuwa zuwa wani lungun ruwa aka ɗaure, ciyawa ta fito a bayanta. Da aka zo yanka ta a sayar da ƙarfen, Kawu ya je ya tsaya yana kallo har yamma. Mai yankan ya ga tsayuwar ta yi yawa, ya kwance agogon ya miƙa masa. Da shi ya koma Kano.

Da na gama rubutawa ya sa na karanta masa, ya gyara wuri biyu. Sannan ya ce shi ba zai kunyata ɗansa a gaban abokan cinikinsa ba yana raye, ɗa ɗa ne. Amma in ya mutu, tunda Allah ya sa na iya, in gyara. Na ce na yi alkawari. Ya ce in tuna wanda ke yi mini biza. Na ce na tuna.

Mu biyu muka shiga wajen wankan gawarsa, ni da babban ɗan. Da aka ɗaga hannun dama ya ga fatar nan a tattare, fara da baƙa, sai ya tambaye ni a hankali ko wani ciwon fata ne Baba ya yi. Shekara nawa suna gida ɗaya. Na ce ba ciwo ba ne, zan gaya maka. Wurin ba na labari ba ne.

Ni da shi taubasai ne. Muna yara a Kano ba abin da ba na gaya masa, in ƙwace masa hula in ce sai ya fansa. Tun da na zo Dubai ya zama Alhaji, ni na zama mai ɗaure kwali, wasan ya mutu ba wanda ya yi masa salla. Ana jibi addu'ar bakwai na same shi a ofis na ce ina da takarda da zan karanta. Ya yi murmushi ya ce ashe karatun ya kai nan. Da na gaya masa abin da ke ciki murmushin ya ɗauke. Ya ce an riga an buga hoton Baba da Kyaftin a ƙasa, an tura gida, an tura duk zaurukan waya. Ya ce in bar tsoho ya huta da mutuncinsa. Ya kuma tuna mini, ba tare da ya dube ni ba, cewa bizata ta kusa ƙarewa.

Na je wurin Mushe na ce ya duba mini kurakurai. Ya gyara mini kaɗan, ya tambaye ni ko shi ya karanta a madadina, tunda shi ba a ƙarƙashin kowa yake ba. Na gode masa. Ba shi ya yi alkawarin ba.

Ranar bakwai bayan la'asar ofishin ya cika fiye da ranar farko. Hoton yana jingine a kan kwali. Malam ya gama addu'a, aka fara miƙo dabino, sai na miƙe. Na ce ni ɗan ƙanwar mamacin ne, ya bar mini saƙo. Na fara da layin farko: kawuna fayaman ne, ba kyaftin ba.

Wani ya yi 'yar dariya. Mai sayar da wayoyi ya ce da na kusa da shi, wannan ba shi ne mai dangwale ba? Na ci gaba. Na karanta maƙera, na karanta gyaɗa, na karanta kaɗan a dama kaɗan a hagu. Na yi tuntuɓe a kalmomi, na koma baya na sake ɗauka. Da na kai kan hadarin, babban ɗan ya ce, “Khalas, ya isa haka.”

Na ɗago kai. Ban kira shi Alhaji ba.

“Taubashi, ka tambaye ni hannun Baba. Amsar ce nake karantawa.”

Na mayar da yatsana inda na tsaya. Na karanta ƙofar murhu da wutar da ta yi tsalle, da rigar da ya naɗe hannu, da hagun da ya ƙarasa aikin. Na karanta mutumin Kalaba da gatarinsa. Ban ƙara ko kalma ɗaya da Kawu bai faɗa ba. Na tsaya in juya shafi, shafin ya manne da gumin hannuna.

“Ka gama?” Muryar babban ɗan ta canza.

“Saura layi biyu.”

Ya kalli dardumar. Sannan ya ce, “Karanta.”

Layi biyun na Kawu ne, yadda ya faɗe su a bakin Khor. Na farko: ban taɓa barin wutata ta mutu ba. Na biyu: in ni ne kyaftin, wa ya zuba kwal ɗin?

Na zauna. Ba wanda ya yi tafi, ba wurin tafi ba ne. Wani dattijo ɗan Damagaram, mai gadin sito, wanda ban taɓa jin muryarsa a taro ba, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ji ƙan fayaman. Aka amsa, wasu da ƙarfi, wasu a ciki. Amin ɗin babban ɗan ita ta zo ƙarshe, amma na ji ta.

Hoton yana nan yadda aka buga shi, ba a canza ba. Ni da taubashina gaisuwa kawai muke yi, maganar biza bai tayar ba, ni ma ban tambaya ba. Shekaranjiya na tarar da ƙaramin kwali a inda nake ajiye takalmina a sito, ba suna ba saƙo. Agogon tagulla ne a cikin tsummansa. Ban sani ba ko kyauta ce ko kawar da shi aka yi daga gida. Na karɓa.

Takardar kuwa na kwafe ta sau uku da hannuna. Ɗaya tana wurin Mushe, ɗaya na ba mai tafiya Kano ya kai wa innata a karanta mata, ɗaya tana hannuna, daga ita na rubuto wannan. In an mayar da ni gida, da ita zan tafi.

Allah ka sani ya sha zafi a duniya bai yi ƙorafi ba. Ka sanyaya masa kabarinsa, ka haramta wa wuta sauran jikinsa, ka sada shi da mutumin Kalaba in yana cikin masu rabo. Allah ya ji ƙan kawuna, fayaman ɗin Tsohuwa.